Miriam Makeba: Mawaƙiyar da Aka Hana Komawa Gida

Hausawa na cewa, "Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi." Ma'anar wannan karin magana ita ce, babu mai ba da labarin abu da kyau kamar wanda abin ya shafa. A wannan darasi za ku karanta tarihin wata mata da ta yi shekara fiye da hamsin tana ba duniya labarin mutanenta da bakinta. Sunanta Miriam Makeba, 'yar ƙasar Afirka ta Kudu, wadda aka fi sani da laƙabin Mama Afirka.

Mawaƙa da yawa sukan yi tashe na 'yan shekaru, sannan a manta da su. Ita kuwa Makeba ta fara waƙa tun tana yarinya, ba ta kuma daina ba har daren da ta rasu tana da shekara 76. A cikin wannan dogon lokaci gwamnatin ƙasarta ta hana ta komawa gida har shekara 30, ta kuma hana a sayar da faya-fayanta. Yayin da kuke karatu, ku riƙe tambayoyi biyu a zuciya. Me ya sa gwamnati mai sojoji da 'yan sanda da makamai ta ji tsoron muryar mace ɗaya? Me kuma ya sa muryar ba ta dusashe ba?

Ƙasar da aka haife ta

Kafin ku fahimci rayuwar Makeba, ya kamata ku san halin da ƙasarta take ciki a wancan zamani. Afirka ta Kudu tana can ƙarshen kudancin nahiyarmu. Mafi yawan mutanenta baƙar fata ne, masu magana da harsuna irin su Zulu da Xhosa da Sotho da Tswana. Amma mulki da dukiya suna hannun Turawa 'yan tsiraru, waɗanda yawancin kakanninsu suka zo daga Holan da Ingila. Tun 1913 aka yi dokar da ta hana baƙar fata mallakar ƙasa, sai a 'yan yankuna ƙalilan da aka keɓe musu. A 1948 jam'iyyar National Party ta hau mulki, ta kafa tsarin da ake kira apartheid, wato wariyar launin fata.

A ƙarƙashin wannan tsari, launin fatar mutum shi ke nuna unguwar da zai zauna, da makarantar da zai shiga, da asibitin da zai je, har da bencin da zai zauna a kai a tashar jirgin ƙasa. An haramta aure tsakanin Bature da wanda ba Bature ba. Baƙar fata ba shi da bakin magana a kan wanda zai mulke shi. Idan zai shiga birni neman aiki, sai ya riƙe takardar izini a aljihu. In ɗan sanda ya tare shi babu ita, sai a kama shi. Ma'aikata sukan kwana a unguwannin bayan gari, su yi sammako su shiga birni su yi wa Turawa aiki, da yamma su koma.

Ƙuruciyarta

An haifi Zenzile Miriam Makeba ranar 4 ga Maris, 1932, a wata unguwar baƙar fata mai suna Prospect, a birnin Johannesburg. Mahaifinta ɗan ƙabilar Xhosa ne. Mahaifiyarta kuwa 'yar ƙabilar Swazi ce, tana aikatau a gidajen Turawa, tana kuma ba da maganin gargajiya. Don ta sami ƙarin abin cefane, takan dafa giyar gargajiya ta sayar, abin da dokar Turawa ta haramta wa baƙar fata. Makeba tana da kwana 18 a duniya aka kama uwar, aka yanke mata ɗaurin wata shida. Da yake ba a raba jariri da nono, sai aka tafi da su tare. Ke nan watanni shida na farkon rayuwar Makeba a gidan yari ta yi su.

Tana ƙarama mahaifinta ya rasu, ta koma hannun kakarta a Pretoria. A can ta shiga makarantar mishan ta Kilnerton, inda ta riƙa rera waƙoƙin coci tare da 'yan uwanta ɗalibai. Gidansu ma gidan waƙa ne. Daga bakin uwarta da kakarta ta koyi waƙoƙin gargajiya na biki da na aiki da na warkar da marasa lafiya. Daga faya-fayan wanta kuma ta saurari mawaƙan baƙar fatan Amurka, irin su Ella Fitzgerald. Waɗannan abubuwa uku, wato waƙar coci da ta gargajiya da kiɗan jazz na Amurka, su ne suka haɗu suka zama salonta daga baya.

Talauci bai bar ta ta yi nisa a karatu ba. Ta bar makaranta ta kama aikin raino da wanki a gidajen Turawa, kamar yadda uwarta take yi. Tana da shekara 17 ta yi aure, a 1950 ta haifi 'ya mace mai suna Bongi, wadda ita kaɗai Allah ya ba ta. Auren bai yi daɗi ba, bai kuma yi ƙarko ba.

Farkon sana'a

Makeba ta fara waƙa a gaban jama'a tare da wata ƙaramar ƙungiyar samari da ake kira Cuban Brothers. Daga nan sai Manhattan Brothers, ƙungiyar da ta fi kowace suna a tsakanin baƙar fatan ƙasar a lokacin, suka ji muryarta suka ɗauke ta. Ita kaɗai ce mace a cikinsu. Ta yi yawo da su gari-gari, har zuwa ƙasashen maƙwabta. A 1956 ta shiga wata ƙungiya ta mata zalla mai suna Skylarks, suka yi faya-fayai masu yawa waɗanda suka karɓu ƙwarai.

Kada ku ɗauka suna ya kawo mata arziki. A wancan zamani kamfanin faifai yakan biya mawaƙi baƙar fata ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a ranar da aka ɗauki muryarsa, shi ke nan. Komai yawan faifan da aka sayar bayan haka, ribar ta kamfani ce.

Shekarar 1959 ita ce ta sauya rayuwarta. A farkon shekarar ta fito a matsayin babbar jaruma a wani wasan kwaikwayo na waƙa mai suna King Kong, wanda ya ba da labarin wani ɗan dambe baƙar fata. An fara nuna wasan a zauren Jami'ar Witwatersrand a Johannesburg, inda baƙi da fari suka iya shiga kallo. A wannan shekara kuma aka fitar da wani fim mai suna Come Back, Africa, wanda wani Ba'amurke, Lionel Rogosin, ya ɗauka ba tare da hukuma ta san ainihin abin da yake nufi ba. Fim ɗin ya nuna wahalar da baƙar fata suke sha. Makeba ta fito a cikinsa na 'yan mintoci kaɗan, ta rera waƙa biyu. Waɗannan mintoci sun isa. Aka gayyace ta bikin fina-finai na birnin Venice a Italiya, ta tafi da niyyar dawowa.

Daga Italiya ta wuce Landan, inda ta haɗu da shahararren mawaƙin Amurka, Harry Belafonte. Shi ne ya taimaka mata ta shiga Amurka a ƙarshen 1959. Cikin ɗan lokaci ta fito a talabijin, ta yi wasa a gidajen kiɗa na birnin New York, sunanta ya bazu.

An rufe mata ƙofar gida

Ranar 21 ga Maris, 1960, dubban mutane suka taru a gaban ofishin 'yan sanda na garin Sharpeville, don su nuna ƙin amincewa da dokar takardar izini. Ba su ɗauke da bindiga. 'Yan sanda suka buɗe musu wuta, suka kashe mutum 69, da yawa a baya aka harbe su suna gudu. A cikin mamatan akwai 'yan uwan Makeba. Ba a daɗe ba kuma sai labari ya iske ta cewa mahaifiyarta ta rasu. Ta je ofishin jakadancin ƙasarta don ta shirya komawa jana'iza, sai aka soke fasfonta.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Mace mai shekara 28 tana baƙuwar ƙasa, uwarta ta mutu, an hana ta zuwa ta ga kabarinta. Har lokacin Makeba ba ta shiga wata jam'iyya ba, ba ta kuma cika maganar siyasa a fili ba, don tana tsoron abin da zai sami danginta a gida. Laifinta kawai shi ne ta fito a fim ɗin da ya faɗi gaskiya, kuma duniya ta fara sauraronta. Wannan shi ne farkon zamanta na gudun hijira, wato zaman da mutum yake yi a wata ƙasa ba da son ransa ba.

Abin da ya bambanta ta da sauran mawaƙa

Mawaƙin da ya je Amurka neman suna yakan so ya yi kama da Amurkawa. Makeba ba ta bi wannan hanya ba. Ta iya Turanci, takan kuma yi waƙa da shi, amma ginshiƙin wasanta waƙoƙin Xhosa ne da Zulu da Sotho. Kafin ta fara kowace waƙa, takan yi wa masu sauraro bayani cikin murya mai sanyi: wannan ta biki ce, wannan ta masu haƙar zinariya ce, wannan ta uwar da aka raba da ɗanta ce. Ta haka mutanen da suka zo don nishaɗi sukan koma gida sun san wani abu game da Afirka ta Kudu.

Harshen Xhosa yana da wasu sautuka da babu su a Hausa ko Yarbanci ko Ibo. Ana yin su ne ta hanyar manna harshe a bayan haƙora ko a ganɗa, sannan a sake shi da sauri ya yi ƙara, wani kamar tsaki, wani kamar an buɗe kwalba. A rubuce ana nuna su da haruffan c da q da x. Kun tuna yadda kuka yi ta fama kafin bakinku ya saba da ƙ da ɗ da ɓ? Haka Amurkawa suka yi ta fama da sunan wata waƙar biki da take rerawa, Qongqothwane. Da suka kasa furta shi, sai suka laƙaba mata suna The Click Song. Makeba ba ta cire waɗannan sautuka don ta sauƙaƙa musu ba. Takan gaya musu cewa abin da suke ji ba surutu ba ne, harshenta ne.

Haka kuma ta yi da kamanninta. A zamanin da mata baƙar fata da yawa suke miƙar da gashinsu da ƙarfe mai zafi don ya yi kama da na Turawa, ita ta bar nata gajere yadda Allah ya halitta shi. Ba ta yarda da man sauya launin fata ba, ta kuma ƙi fitowa a tallarsa. 'Yan mata da yawa a Afirka da Amurka sun yi koyi da ita.

Duniya ta karɓe ta a haka. A 1962 ta yi waƙa a bikin zagayowar ranar haihuwar shugaban Amurka, John Kennedy. A watan Mayu na 1963, lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Addis Ababa ta ƙasar Habasha suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, an gayyace ta ta rera musu waƙa. A 1966 faifan da suka yi tare da Belafonte ya ci kyautar Grammy, wadda ita ce babbar kyautar waƙa a Amurka. A 1967 kuma waƙarta ta rawa mai suna Pata Pata ta game duniya, har yau ana jin ta a rediyo.

A gaban Majalisar Ɗinkin Duniya

A 1963 Makeba ta yi abin da ya fi komai ɓata wa gwamnatin ƙasarta rai. Ta tsaya a gaban kwamitin musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata, ta ba da shaida. Ta bayyana halin da mata da yara suke ciki, da yadda aka cika gidajen yari da mutanen da ba su yi laifin komai ba. Ta roƙi ƙasashen duniya su daina sayar wa Afirka ta Kudu makamai, su kuma daina ciniki da ita.

Gwamnatin ta mayar da martani. Ta ƙwace mata matsayinta na 'yar ƙasa, ta kuma haramta faya-fayanta. Makeba ta wayi gari ba ta da ƙasa. Sai wasu ƙasashe, irin su Gini da Aljeriya da Ghana, suka ba ta fasfo. A tsawon rayuwarta ta riƙe fasfo na ƙasashe tara.

A nan za ku sami amsar tambayarmu ta farko. Gwamnatin wariya tana kashe kuɗi masu yawa don ta nuna wa duniya cewa baƙar fata ba su waye ba, kuma suna jin daɗin yadda ake mulkinsu. Sai ga mace baƙar fata, mai natsuwa da mutunci, wadda miliyoyin mutane suke ƙauna, tana cewa ba haka ba ne. Mutumin da ba zai karanta rahoton siyasa ba zai saurari waƙa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma muryar Makeba tana cikin abubuwan da suka ƙure shi.

Zamanta a Gini

A 1968 Makeba ta auri Stokely Carmichael, wani matashi ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a Amurka, wanda hukumomin ƙasar suke ɗauka mutum ne mai haɗari. Nan da nan waɗanda suka gayyace ta wasanni suka soke gayyatar, kamfanonin faifai suka juya mata baya. Ƙasar da ta ɗaukaka ta jiya ita ce ta ƙi ta yau. Karo na biyu ke nan ta rasa wurin zama.

Shugaban ƙasar Gini, Ahmad Seku Ture, ya buɗe musu ƙofa. Makeba ta zauna a Gini kimanin shekara 15. Ta yi gida a garin Dalaba, a kan tsaunukan Futa Jalon, ƙasar Fulani. Ba ta yi zaman baƙunta ba. Ta haɗa ƙungiya da makaɗan Gini, ta koyi salon kiɗansu, ta yi waƙoƙi da harsunan ƙasar. Daga can ta riƙa yawo a Afirka da Turai. Ta yi wasa a babban bikin al'adun Afirka a Aljeriya a 1969, da kuma a Kinshasa a 1974, a bikin kiɗan da aka shirya saboda damben Muhammad Ali da George Foreman. A 1975 da 1976 Gini ta sa ta cikin wakilanta a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya.

Zaman Gini yana da nasa ƙalubale. Seku Ture ya taimaki masu neman 'yanci a ƙasashen Afirka, amma a gida mulkinsa mai tsanani ne, mutane da yawa sun mutu a kurkukunsa. Saboda haka wasu sun zargi Makeba da yin shiru a kan abin da mai masaukinta yake yi. Wannan tambaya ce da ya kamata ku ma ku yi tunani a kanta: yaya mai faɗin gaskiya zai yi idan wanda ya ba shi mafaka ne ya yi ba daidai ba?

A Gini ne kuma ta gamu da baƙin ciki mafi girma a rayuwarta. A 1985 'yarta tilo, Bongi, wadda ita ma mawaƙiya ce, ta rasu sakamakon matsalar haihuwa. Seku Ture ya riga ya mutu a 1984, sojoji sun karɓi mulki. Makeba ta tattara ya-nata-ya-nata ta koma Brussels, babban birnin Beljiyam, da nauyin jikokinta a wuyanta.

Makeba da Nijeriya

Wannan labari ya shafi ƙasarmu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi tsayawa tsayin daka wajen yaƙi da wariyar launin fata. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin shugabannin da suka halarci taron Addis Ababa na 1963. Kwamitin nan na Majalisar Ɗinkin Duniya da Makeba ta ba da shaida a gabansa, 'yan Nijeriya sun daɗe suna shugabancinsa. A cikinsu akwai Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, da Janar Joseph Garba, da Farfesa Ibrahim Gambari. A 1976, shekarar da 'yan sanda suka harbe ɗaliban da suka yi zanga-zanga a Soweto, gwamnatin Nijeriya ta kafa asusun taimakon kudancin Afirka, ma'aikata da 'yan makaranta suka ba da gudummawa.

Makeba da kanta ta zo Legas a 1977, ta yi wasa a bikin FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu. Bikin ya tara dubban masu fasaha baƙar fata daga ko'ina cikin duniya, an kuma yi babban hawan daba a Kaduna a matsayin wani ɓangare nasa. Idan kuka tambayi manyanku, za ku iya samun wanda ya ga bikin da idonsa ko ya bi shi ta rediyo.

Komawa gida

A 1987 tauraron Makeba ya sake haskawa a ƙasashen Turai da Amurka, lokacin da ta bi mawaƙin Amurka Paul Simon yawon wasanni, tare da ɗan ƙasarsu Hugh Masekela, shahararren mabushi wanda ta taɓa aure. Sun yi wasa a Harare ta ƙasar Zimbabuwe, maƙwabciyar Afirka ta Kudu, amma ba halin ta tsallaka iyaka. Wannan tafiya ma ta jawo mata suka, domin Simon ya je Johannesburg ya ɗauki waƙoƙi a lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa ƙasar. A 1988 ta fitar da faifai mai suna Sangoma, wato mai maganin gargajiya, wanda ta cika shi da waƙoƙin da ta koya daga mahaifiyarta.

Komai nisan dare, gari zai waye. Matsin lamba daga ciki da waje ya sa gwamnatin wariya ta sassauta. Ranar 11 ga Fabrairu, 1990, aka saki Nelson Mandela bayan ya yi shekara 27 a ɗaure. Shi ne ya ƙarfafa wa Makeba guiwa ta dawo. A watan Yuni na wannan shekara ta sauka a Johannesburg, kusan shekara 31 bayan fitarta. Ta tafi tana matashiya, ta dawo tana kaka. Cikin abubuwan da ta fara yi akwai ziyarar kabarin mahaifiyarta. A 1991 ta yi wasanta na farko a gida, a 1994 kuma aka yi zaɓen farko da kowa ya jefa ƙuri'a, Mandela ya zama shugaban ƙasa.

Da ta dawo ba ta zauna hutawa ba. Ta fito a fim ɗin Sarafina a 1992, wanda ya ba da labarin ɗaliban Soweto. Ta kafa gidan kula da 'yan mata marayu da waɗanda aka zalunta. A 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiya. A 2002 Sarkin Suwidin ya miƙa mata kyautar Polar, ɗaya daga manyan kyaututtukan kiɗa na duniya.

Rasuwarta

A 2005 Makeba ta fara yawon ban kwana da masoyanta, domin shekaru sun ja, ga ciwon gaɓoɓi. Duk da haka, in an kira ta don wani abin da ta ga gaskiya ne, ba ta cika ƙi ba. A watan Nuwamba na 2008 ta tafi garin Castel Volturno a kudancin Italiya, inda 'yan ci-rani da yawa daga Ghana da Nijeriya suke zaune. Makonni kaɗan kafin haka wani gungun 'yan ta'adda ya harbe 'yan Afirka shida a garin. An shirya taron kiɗa don goyon bayan wani marubuci, Roberto Saviano, wanda ya tona asirin irin waɗannan miyagu har suka yi barazanar kashe shi. Daren 9 ga Nuwamba Makeba ta hau dandali ta yi waƙa. Tana gamawa sai ciwon zuciya ya buge ta ta faɗi. Aka kai ta asibiti, amma rai ya yi halinsa.

Me ya sa muryarta ta daɗe?

Yanzu mu koma ga tambaya ta biyu. Akwai dalilai uku da za ku iya gani a cikin abin da kuka karanta.

Na farko, ta riƙe tushenta. Salon kiɗa yakan zo ya wuce, amma waƙoƙin da ta koya a gindin uwarta da kakarta ba su tsufa ba. Tana da shekara fiye da hamsin ta koma ta ɗebo daga wannan rumbu, aka kuma saurare ta.

Na biyu, ba ta daina koyo ba. Ban da harsunan ƙasarsu, ta yi waƙa da Turanci da Faransanci da Larabci da Suwahili da harsunan Gini. Duk inda ta sauka takan koyi wani abu daga bakin masu gida, su kuma sukan ɗauke ta tasu. Riƙon harshenta bai hana ta son na wasu ba, koyon na wasu kuma bai sa ta yar da nata ba. Ku da kuke koyon Hausa bayan harshen gidanku, irin wannan hanya kuka kama.

Na uku, waƙarta tana da abin faɗa. Makeba ta sha bayyana cewa ita ba 'yar siyasa ba ce, abin da ta gani a rayuwarta kawai take rerawa. Ta kuma biya kuɗin wannan gaskiya da tsada: ta rasa jana'izar uwarta, ta rasa ƙasarta, ta rasa kasuwarta a Amurka. Tsarin da ya kore ta ya rushe tun tana da rai, waƙoƙin da ya haramta kuwa ana koya wa yara su har yau.

Tambayoyi

1. Me ya sa Makeba ta yi watanni shida na farkon rayuwarta a gidan yari?
2. Ku kawo abubuwa uku da tsarin wariyar launin fata ya hana baƙar fata yi.
3. Me ya faru a Sharpeville a 1960, kuma yaya wannan shekara ta shafi rayuwar Makeba?
4. Ta waɗanne hanyoyi Nijeriya ta taimaka wajen yaƙi da wariyar launin fata?
5. Ku bayyana yadda karin maganar "Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi" ta dace da wannan tarihi.
6. Ku rubuta taƙaitaccen tarihin wata mawaƙiya ta yankinku da Hausa, ku nuna abin da waƙoƙinta suke koyarwa.